Musayar Baitoci Kan Marie Curie

Tsohon Malami:
Assalamu alaikum, ma'abota alƙalami, na buɗe fage da tambaya:
Wace ce aka haifa a Warsaw a 1867, ta zama jigo a fagen kimiyya,
Alhali Rasha ke mulkin garinsu, jami'a kuma ba ta ɗaukar mace ko ɗaya?

Ɗalibar Kimiyya:
Malam, Marie Curie ce, ai amsar ba ta da wuya.
Ta yi shekaru tana koyar da 'ya'yan masu hali, tana tara guzurin tafiya,
Sai a 1891 ta isa Faransa, ta shiga jami'ar Sorbonne, ga sanyi ga yunwa, ba ta ja da baya.
A 1898 ita da mijinta Pierre suka gano sinadarai biyu da ba a san su ba a duniya:
Polonium, takwaran ƙasarta Poland, da radium mai haskawa cikin duhu shi ɗaya.

Mai Ja:
Ƙanwata, ki yi mini afuwa, ni dai ina da ja a zuciya.
Kyautar Nobel ta 1903 su uku aka ba, har da Pierre da masanin kimiyya Becquerel, to ina rabonta na gaskiya?
Anya ba inuwar miji ta raɓa ba, aka yi mata kara don kawar da kunya?

Ɗalibar Kimiyya:
Yaya, leƙa rumfar da suka yi aiki, rufi na yoyo, hayaƙi na turnuƙe hanya.
Ita ke wuni da sandar ƙarfe tana juya tafasasshen ma'adini a tukunya,
Tan-tan ta tace, kafin a 1902 ta samu gishirin radium, kashi ɗaya bisa goma na giram ɗaya.
Keken doki ya take Pierre a 1906, ta gaji kujerarsa ta koyarwa, aiki bai tsaya.
Nobel ta ilimin sinadarai a 1911 kuwa, wa ya raka ta karɓa? Sunanta ne shi ɗaya.

Mai Ja:
Na sallama, amma da ta yi rajistar dabararta, ai da ta tara dukiya.

Tsohon Malami:
Ita da Pierre sun ƙi yin haka da gangan, suka bar ta ga kowa, a yi bincike, a yi jinya.
A Yaƙin Duniya na Ɗaya ta kai motocin ɗaukar hoton ƙashi ga sojojin da suka ji wuya.
Ciwon ƙarancin jini ya ɗauke ta a 1934, tururin sinadaran ya ci mata lafiya,
Littattafanta ma har yau a akwatunan dalma ake adana su don kariya.
Saura 'yarta Irène, mai Nobel ta 1935; wa ke da baiti a kanta, ya taya?