Shekara tara a sashen shari'a na hukumar ƙwallo, yanzu ina son buɗe kamfani

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Lauya ce ni, shekara tara ke nan ina sashen shari'a na wata hukumar ƙwallon ƙafa. Ni ke rubuta hukuncin kwamitin ladabtarwa, ni ke bin rikicin cinikin 'yan wasa, har ƙararrakin da suka kai kotun wasanni ta CAS a Lausanne sun bi ta teburina. Sau biyu ana tsallake ni a ƙarin girma, barci ya ƙaurace mini. Wani tsohon abokin aiki ya ce mu kafa kamfanin da zai riƙa karɓo wa ƙananan makarantun horar da 'yan wasa haƙƙinsu, rabi da rabi, ni ce shugaba. In ajiye aiki?

Wani lauya: Barista, dakata tukuna. Kuɗin da kike magana a kai kashi 5 cikin ɗari ne na kuɗin sayen ɗan wasa, ana raba wa kulob ɗin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Tun Nuwamba 2022 FIFA ta buɗe cibiyar biyan kuɗi a Paris, kuma fasfon ɗan wasa na kwamfuta, wato tarihin kulob ɗin da suka yi masa rajista, shi ke nuna wanda zai samu. Aikin bin bashi ya ragu ke nan. Inda makarantu ke asara shi ne rajista: in ba a yi wa yaro rajista da sunansu a hukumar ƙasa ba, sisi ba za su gani ba. Can kasuwarki take. Rabi da rabi kuwa, kar ki yarda. Ranar da kuka saɓa, babu mai rinjaye, kamfani ya tsaya cak. Ku rubuta yarjejeniyar masu hannun jari: hannun jari ya riƙa zama mallakar kowannenku a hankali cikin shekara 4, wanda ya fita kafin shekara guda ya tafi hannu rabbana.

Wata akanta: Ba ki faɗi nawa kika tara ba. Wannan kashi 5 ɗin ba ya zuwa sai an sayar da yaro, wani sai bayan shekaru. Ki tanadi abin da zai riƙe ki da albashin ma'aikata wata 18. Abin da ke ba ni haushi da lauyoyi, sai su kwana suna gyaran kwantaragi alhali abokin ciniki ko ɗaya babu.

Wani ɗan uwa: Ni dai ajiye kawai, hukumomin nan ba sa sakayya. Ki nemi lasisin wakilin 'yan wasa na FIFA: tambaya 20 cikin awa guda, ki ci 15.

Wani lauya: A'a malam, ma'aikacin hukuma ba shi da damar riƙe wannan lasisi, kuma sana'a ce daban. Barista, duba takardar ɗaukarki aiki, sashen sirri da na hana gogayya. Bayanan da kika gani a ofis ba jarinki ba ne.

Mai tambaya: Na gode, amma abokina mutum ne mai amana, shekara shida muna ofis ɗaya. In na kawo maganar rage masa kaso zai ce ban yarda da shi ba. Maganar sirri kuma na fi kowa saninta.

Wata akanta: Hajiya, har yanzu ba ki ce nawa kika tara ba.