Wane suna za mu raɗa wa na'urar nan ta karatu?

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman gudummawar masu Hausa a baka, don wata 'yar magana ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na ga gara in baje ta a faifai kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Ƙanwata ta zo hutu daga makaranta, ta same ni a gindin darbejiya da rana tsaka ina karatu a wata 'yar na'ura. Ta karɓa ta jujjuya ta, ta leƙa bayanta tana neman kyamara ba ta gani ba. Ta ce, "Yaya, wannan wace irin waya ce marar kala?" Na ce ba waya ba ce. Ta ce, "To ƙaramar kwamfuta ce?" Na ce a'a. Da ta ce in gaya mata sunanta, babu abin da ya zo bakina sai na Turanci, wato e-reader. Shekara uku ke nan kullum tana hannuna, ban taɓa kiran ta da Hausa ba.

Kuma tambayar tata da dalili. Akwai 'yan kuɗin da ta tara, tana ta kai-kawo tsakanin ta sayi irinta ko ta ci gaba da karatu a wayarta. Sai na lura duk sunan da na faɗa mata, da shi za ta auna abin. In na ce waya ce, za ta ga wayar da ba kira, ba hoto, ba WhatsApp, ga nawa wajen buɗe shafi, ta ce asarar kuɗi. Suna linzami ne. Kafin in ba ta shawara sai na samo sunan da zai ja hankalinta zuwa ainihin aikin na'urar.

Bari in fara da yadda take aiki, don a nan sunan yake kwance.

Fuskar waya fitila ce. Haske daga cikinta yake fitowa ya shiga idonka, shi ya sa in ka fita rana sai ka yi mata inuwa da tafin hannu. Ita kuwa wannan, an shimfiɗa wa fuskarta miliyoyin 'yan mitsi-mitsin ƙwanso, kowanne kaurinsa kamar na silin gashi. A cikin kowane ƙwanso akwai ruwa garai-garai da ƙwayoyin launi baƙaƙe da farare, cajin wannan kishiyar na wancan. In lantarki ya taɓa su, baƙaƙen su taso inda ake son harafi, fararen su taso inda ake son fili. Da zarar sun zauna shi ke nan, ba sa ƙara shan wuta sai ka juya shafi. Dalilin da ya sa caji ɗaya ke kai makonni ke nan, kuma rana ƙara fito da rubutun take yi, kamar dai takarda. Na yanzu suna da 'yan fitilu a gefe masu watsa haske a kan shafin saboda karatun dare.

Fasahar daga jami'ar MIT ta Amurka ta fito, aka kafa mata kamfanin E Ink a 1997, wanda yanzu yake hannun mutanen Taiwan. Sony ta fitar da na'urar karatu mai irin wannan fuska a Japan a 2004, Amazon ta biyo da Kindle a watan Nuwamba na 2007 kan dala 399, sai Kobo daga Kanada a 2010. Ashe abin ya haura shekara 20 a kasuwa muna kiran sa da bakin wasu.

To ga sunayen da suka shigo hannuna daga waɗanda na tambaya.

Mafi yawa sun ce "na'urar karatu". Ba kuskure ba ne, amma rigar ta yi wa abin yawa. Komai na'ura ne a wurinmu, har wadda aka tantance katin zaɓe da ita a 2015, wadda jama'a suka riƙa kira kad rida. Kuma mun ga yadda "na'ura mai ƙwaƙwalwa" ta ƙare: suna mai kyau, amma tsawonsa ya sa baki ya gaji, kwamfuta ta ƙwace filin. In muka ce "na'urar karanta littattafai", a takarda kaɗai za ta rayu.

Wani abokina ya ce mu daina wahala, mu ce "kindil" kawai, yadda duk garin sabulu ya zama omo, duk man goge baki ya zama makilin, duk ɗanɗanon miya ya zama magi. Wannan hanya ce da Hausa ta saba bi, ban raina ta ba. Sai dai omo da magi sun shiga kowane gida ne kafin sunansu ya zama na kowa. Kindle kuwa mutum nawa suka taɓa riƙe shi a unguwarku? Sunan bai gaya wa ƙanwata komai ba, kuma a kunne yana kusa da kyandir. Ga shi 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ta Faransanci abin ke iso musu, inda ake ce masa liseuse. Ina son sunan da zai tsallaka iyaka ba tare da tafinta ba.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce shawarar wata 'yar'uwa da ta karanci Hausa a jami'a. Ta ce mu bi ƙa'idar da harshen ya tanada: buɗe ya ba mu mabuɗi, goge ya ba mu magogi, duba ya ba mu madubi, don haka karanta sai ya ba mu makaranci. Ta ƙara da cewa a baka ba za a rikice ba, domin sunan kayan aiki da karin sama ake furta shi tun daga farko har ƙarshe, na mai aikin kuwa yana sauka a tsakiya, kamar ma'auni na awo da ma'auni mai sayar da hatsi. Gaskiyarta, kuma abin da Faransawa da Larabawa suka yi ke nan, sun ɗauki kalmar mai karatu sun ɗora wa na'urar. To amma mu ba ma sa alamar kari a rubutunmu na yau da kullum. Ku gwada rubuta "makarancina ya faɗi ya fashe" ku ga yadda za a fara yi muku jaje. Makaranci mutum ne mai daraja a wurinmu, musamman na Alƙur'ani. Sannan ita na'urar ba ta karanta komai, kai ne ke karantawa.

"Littafin lantarki" kuwa na ce a ajiye shi, yana da mai shi. Shi ne sunan abin da ake zubawa a ciki, ba na mazubin ba.

Ina cikin wannan lalube sai Allah ya kawo mafita ta bakin mahaifinmu. Bayan la'asar yana zaune a kan buzunsa a zaure, na miƙa masa na ƙara girman rubutun don idonsa. Ya riƙe ta da hannu biyu, gindinta a kan cinya, ya ɗan karkato ta, yadda na san ya riƙe wani abu shekaru da yawa yana yaro. Na ce, "Baba, taɓa nan gefen." Ya taɓa. Fuskar ta yi baƙi ƙirin na ƙiftawar ido, ta koma fari, sabon rubutu ya fito. Ya sake taɓawa, ya ƙura ido. Sai ya ce, "Ikon Allah. Kai, ai wanke allo ya yi ya sake rubutu."

Na yi shiru, don na san ya gama maganar.

Ku duba ku gani. Allo fuska ɗaya ce da ake rubutawa a wanke a sake rubutawa, har a sauke littafi guda a kanta. Rubutunsa baƙi ne a kan fari. Ba ya ba da haske nasa, da hasken rana ko na wutar kara ake karanta shi. In ka jingine shi a bango ka dawo bayan mako, rubutun na nan inda ka bar shi. Kuma aiki ɗaya ya iya. Babu wanda ya taɓa ɗaukar allo ya ce me ya sa ba ya ɗaukar hoto. Har ɗan sauran tawadar da kan maƙale bayan wanki, ita ma na'urar tana da shi, wani dishi-dishin tsohon shafi da kan rage a bayan sabo, wanda saboda shi ne take yin wannan baƙin lokaci-lokaci don ta share shi. Kalmar ma daga Larabci muka aro ta, al-lauh, kuma daga wannan tushe Larabawan yau suka ciro sunan kwamfutar nan mai faɗi ta hannu.

Da murnata na ce to "allon karatu". Sai na kai wa malamin da ya koyar da ni Hausa a sakandare. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ɗana, ka zo kusa, amma ka shiga gonar wani. Allon karatu yana nan da ransa a kowace tsangaya. In ka ce wa yaro ɗauko allon karatu, ka san wanda zai ɗauko. Sannan allo yana da alfarma, kai kuwa har labarin soyayya za ka zuba a naka."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na karɓi ta farko. Ta biyun ce nake da ɗan ja. Ai tuni Hausa ta faɗaɗa allo: akwai baƙin allo na aji, akwai allon sanarwa, akwai allon talla a bakin titi, har allon kafaɗa muna da shi a jiki. Babu ɗayansu da ya rage wa na tsangaya daraja." Ya yi murmushi ya ce wannan haka take, sai dai in nemo masa abokin tafiya da ba zai jawo rikici ba. Muka gwada "allon lantarki", muka ga zai haɗa har da manyan allunan talla masu walƙiya. Shi da kansa ya ce, "To me ake zubawa a ciki?" Na ce littafi. Ya ce, "Ka ji sunan."

Allon littafi. Jam'i, allunan littafi.

Na yi ta juya shi a baki in ji ko zai yi tuntuɓe. Miƙo mini allon littafina. Na zuba littafi 40 a allo. Allon nan rabonsa da caji tun farkon wata. Duk sun zauna daram. Na kuma san in ya karɓu baki zai gutsure shi ya koma "allo" kawai in ana cikin zancen, yadda wayar salula ta koma waya. Sauran kalmomin ma sai suka biyo shi da kansu: abin da ke cikin fuskar tawadar lantarki, baƙin nan da take yi wankin allo, dishi-dishin da kan rage kuwa ni kufan rubutu nake so a ce masa, ko da yake Malam ya fi son sawun rubutu. Wannan na bar muku ita, kuma ina son jin ta bakin mutanen Nijar da na zangon Kumasi ko allon ya zauna musu a kunne.

Da sunan a hannu na koma wurin ƙanwata. Na ce, "Allon littafi ne. Ke me kike karantawa?" Ta buɗe wayarta ta nuna mini. Kusan duka labaran Hausa ne da marubuta ke saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, sai takardun darasi da aka ɗauka a hoto aka mayar PDF. Na ce mata gaskiya allo ba zai yi mata daɗi da waɗannan ba. Yawancin alluna ba sa ɗaukar waɗancan manhajojin, masu ɗauka irin su Boox kuma sun fi tsada. Shafin PDF a daskare yake, in ka sa shi a fuskar inci 6 sai rubutun ya koma kamar ƙwan kifi, kana ja kana matsawa. Littafin da aka tsara a EPUB, wato wani tsarin littafin lantarki, shi ne abincin allo, don yana bin girman harafin da ka zaɓa, kuma littattafan Hausa a wannan tsari ba su da yawa tukuna. Ko ni da na fara zuba rubutun Hausa a nawa, ƙ da ɗ da ɓ fitowa suka yi wani iri, ba su dace da sauran haruffan ba, sai da na jona shi da kwamfuta na sa masa salon rubutu na Charis sannan suka daidaita. Ga kuɗi: sabo yana da tsada, ban da kuɗin kawowa. Ƙungiyar Worldreader ma da ta fara raba Kindle a makarantun Gana a 2010, daga baya ta karkata ga kai littattafai ta waya, don ita ce ke hannun mutane.

Amma ban ɓoye mata abin da ya sa ni ba na rabuwa da nawa ba. Dogayen littattafai nake karantawa, masu shafi 400 da 500. A waya ban taɓa yin rabin awa ba tare da saƙo ya faɗo ya ɗauke ni ba, kuma in wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, rowar caji nake yi, karatu ne farkon abin da nake yankewa. Da allo kuwa nakan zauna tun bayan isha'i har barci ya zo, ba abin da ke ƙwanƙwasa mini. Mai karanta Turanci kuma yana da rumbun Project Gutenberg, littafi sama da 70,000 kyauta. Duk mai irin wannan karatu, ina ba shi shawara da zuciya ɗaya ya saya, ko ɗan Kwatano ne, in dai ya duba fuskar ba tsaga kuma batirin na riƙe caji.

Ita dai na ce ta riƙe kuɗinta tukuna. Na zuba mata littafi biyu, na ba ta aron nawa zuwa ƙarshen hutu ta gani ko zamansu zai yiwu. Ta kai bakin ƙofa sai ta juyo ta ce, "Yaya, ina wayar cajin allon?" Na ce ta je abinta, ba za ta neme ta ba kafin ta koma makaranta.