"So gamon jini ne": to me ya kawo boka a ciki?

Autar Mata: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku fassara min karin maganar nan da ake cewa so gamon jini ne. Dalilina shi ne wata ƙanwata 'yar baffana tana son wani yaro a ƙauyenmu, manomi ne mai ladabi, amma an ce kakarsa mayya ce wai kuma ana shan abin a nono, shi ke nan aka ce ko gawarta ba za a kai gidan ba. Da ta ƙi haƙura sai aka ce ai kurwarta ya kama, yau wata uku kenan ana yawo da ita, an yi hayaƙi an yi rubutu an je wajen boka ya ce a kawo baƙar akuya, yarinyar nan duk ta rame wuyanta kamar a ƙirga ƙasusuwa. Jiya kakarmu da bakinta ta ce "so gamon jini ne", kuma ita ce kan gaba wajen kai ta magani. To in gamon jini ne, me ake cirewa?

Dattijon Gida: Wa alaikumus salam 'yata. Ma'anarta a fili take, jininka ya haɗu da na mutum ka ji yana kwanta maka ba tare da wani dalili ba, ba kuɗi ba kyau ba. Amma ki lura, ba don a bar yara su yi abin da suka ga dama ake faɗarta ba. Ana faɗarta ne in an ga kyakkyawa ta liƙe wa wanda bai kai ba, a ce to ku bar mamaki. Kuma wadda ta haifi wannan ita ta haifi "abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba".

Autar Mata: Baba na yarda, amma me aka hango? Ba wanda ya taɓa kama yaron nan da sata ko shaye-shaye. Kakar tasa ma tsohuwa ce da ta rasa 'ya'ya uku tana zaune ita kaɗai, yara in sun wuce ƙofarta sai ka ji suna "kurwata kur", ni ma na yi ina ƙarama, yanzu in na tuna sai in ji kunyar kaina wallahi.

Ɗan Birni: Ni dai a ganina kalmar jini ɗin ce matsalar. Ku duba fa, da ita ake wanke soyayya kuma da ita ake kashe ta, a ce jininsu ya haɗu, gobe kuma a ce ai jinin gidan ba kyau. Mutum ɗaya zai yi amfani da duka biyun ya danganta da wanda ya zo neman 'yarsa.

Mai Allo: A yi hattara kada a ce sihiri babu shi. Yana nan a Alƙur'ani, Suratul Baƙara aya ta 102, kuma abin da ayar ta ambata shi ne raba miji da matarsa, wato abin da muke cewa farraƙu. To ku duba da kyau, wa ke neman raba mutum biyu a labarin nan? Ba yaron ba ne. Sannan hadisi ya tabbata a Muslim cewa wanda ya je wajen mai duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. An gudu daga maitar da ba wanda ya gani an faɗa wannan. Akwai kuma hadisin Ibnu Majah cewa ba a ga abin da ya kai aure ba ga mutum biyu masu son juna.

Dattijon Gida: Malam ban musa ba, zuwa wajen boka kuskure ne babba. Amma ni na ga wanda aka yi wa mallaka da idona, mutum mai hankali ya daina gaida uwarsa. Ba kowane so ne na Allah da Annabi ba.

Mai Allo: Haka ne Baba, sai dai tsananin so shi kaɗai ba hujja ba ce. Mugisu yana bin Barira, matarsa da ta rabu da shi bayan an 'yanta ta, a titunan Madina hawaye na zuba a gemunsa, Bukhari ya ruwaito, ba wanda ya ce asiri ta yi masa. Annabi (SAW) ya sa baki, ta tambaya umarni ne, ya ce ceto ne kawai, ta ce ba ta bukatarsa, aka ƙyale ta. So ba a cusa shi, haka ma ba a turara shi ya fita.

Nas Ɗin Karkara: Ni inda hankalina ya tsaya ramar nan ce. Muna ganin irinsu, yarinya ba ci ba barci sai kuka, ga tari saboda an rufe ta da bargo a kan garwashi tana shaƙar hayaƙi, sai a ce aljanu ne ke fita. Damuwa ce, kuma tana iya kai mutum ga cutar da kansa. Anti ku kai ta asibiti a duba ƙirjinta da jininta, kuma kada a riƙa barinta ita kaɗai a ɗaki.

Ɗan Birni: Kuma kakar nan taku da ta faɗi maganar, anya ba wani abu ta tuna ba? Tsofaffi ba sa jefa karin magana a banza.

Autar Mata: Yaya, ka sa na yi shiru. An taɓa ce min kafin kakanmu akwai wanda ta so aka hana, ban taɓa tambayarta ba. Gobe in sha Allahu zan fara kai yarinyar asibiti, da daddare kuma zan shiga ɗakin tsohuwa mu biyu kawai, don baffa ba ya tsallake maganarta.