Amfilifayar gita mai bawul: me ya same ku da ita, yaya kuka gyara?

Mai gita, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Watanni biyu ke nan da na sayo wata tsohuwar amfilifaya ƙirar Fender ta hannu a Maraɗi, na shigo da ita ta Jibiya. Bawul, wato 'yan kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti, 6L6 biyu ne a bayanta, sai ƙanana 12AX7. 'Yar Amurka ce, wutar volt 120 take ci, tamu kuwa 230, don haka tun ranar farko na haɗa ta da tiransfoma mai rage wuta. Muryarta sai wanda ya ji, ko gitar Agadas ka ɗora mata sai ranka ya yi fari. Damuwata ita ce wani gurnani, huuu, da ba ya ɗaukewa. Na zare wayar gita, na mayar da bolum sifili, yana nan daram. Masu gyaran waya uku na kai wa, kowa ya leƙa ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Wanda ya taɓa fama da irin wannan ya taimaka.

Tsohon mai gyaran rediyo, Sabon Layi

Wa'alaikumussalam ɗana. Kafin komai, kada ka sa hannu a cikinta. Manyan kondensa da ke cikinta, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, suna riƙe volt 400 zuwa 500 ko bayan ka kashe ka zare filogi. Ina yaron shago na taɓa buɗe wata rediyo mai bawul da ta jima a kashe, yatsana ya gogi ƙafar kondensa, sai ga ni zaune a ƙasa, sukurdireba ta yi waje, hannuna ya wuni yana tsami. Maigidana bai zage ni ba, ya dai kama hannuna na hagu ya cusa mani shi cikin aljihu, ya ce haka ake aiki, kada wuta ta sami hanyar ratsa ƙirji. Ana sauke wutar ta cikin razista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, a auna da mita, sai an ga ta sauka sannan a taɓa.

Gurnaninka kuwa, tunda bai kula da bolum ba, na fi zargin kondensan tace wuta sun bushe. Kasa kunne sosai. In mai zurfi ne ƙwarai, na 50 ne, wato kaɗawa 50 a daƙiƙa irin ta wutar gida, sai a duba wayar ƙasa da wayoyin da ke dumama bawul, masu volt 6.3. In ya ɗan fi tsini, na 100 ne, to kondensa ne. Kawo ta da safe kafin rana ta yi zafi.

Makaɗin biki, Daura

Baba ya faɗi gaskiya. Ni tawa ta fi ciwo, don da hannuna na kashe ta. Wajen wani biki ne a hanyar Mai'aduwa, yaro ya taka wayar sifika ta fita ban sani ba. Na ji shiru, sai na ƙara bolum ina ta kaɗa gita da ƙarfi, wai ko za ta farka. Ƙauri ne ya gaya mani, irin na fanka in ta ƙone. Tiransfomar fitar da sauti ta tafi. Mai taransisto za ta iya haƙuri in babu sifika, mai bawul ba ta yafewa. Na kai wa mai naɗin koyil a Kano ya sake naɗa ta, ta tashi, amma muryar nan ba ta dawo ba har yau, kuma abin yana ci mani rai duk lokacin da na kunna. Ku riƙa duba om ma, wato awon juriyar sifika ga wuta: in an rubuta 8 a baya, a ba ta sifika mai 8.

Mai hayar kayan sauti, Ƙofar Ƙaura

Fiyus ɗina ya yi ta tsinkewa a kan janareta, na gaji na naɗa masa takardar azurfa ta kwalin taba. Cikin duhu na hango ƙarfen cikin bawul EL34 ɗaya ya yi jajir kamar garwashi. Allah ya sa na kashe da wuri. Bayas ne ya gudu, wato saitin da ke taƙaita wutar da ke ratsa bawul. Kada kowa ya yi abin da na yi, fiyus in ya tsinke magana yake yi.

Ɗalibar injiniyan lantarki, Tudun Wada

Yaya mai gita, ga abin da za ka iya yi ba tare da ka buɗe cikinta ba. Ta mahaifina ƙirar Vox ce mai bawul EL84 huɗu, da hunturu ta fara ƙara kamar ana soya gyaɗa. Na kunna ta, na ɗauki fensir ina ɗan ƙwanƙwasa kowane bawul a hankali. Da na zo kan 12AX7 na farko sai sifika ta amsa, ƙwal ƙwal, kamar na bugi makirfo. Shi ne mai laifin. Sauran ƙarar ƙurar hunturu ce a cikin maɓallan juyawa, feshin wanke kontak ya kore ta. Ka duba saman gilashin kuma: tabon nan mai kama da madubi lafiya ce, in ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ya mutu. Har yanzu ana ƙera sababbi a Sulobakiya da Rasha da Sin, sai dai ka yi oda ka jira.

Mai gita, Ƙofar Marusa

Na kai wa Baba jiya. Ya sauke wutar a gabana, na ga allurar mita tana saukowa daga sama da 400, jikina ya yi sanyi, don saura kaɗan na buɗe ta da kaina a makon jiya. Kondensa biyu sun kumbura, ɗaya har ya tsiyayar da wani farin gari. Ya canza duka, ya kuma cire tsohuwar waya mai baki biyu ya sa mai uku da wayar ƙasa. Gurnani ya ɗauke, sai ɗan huci kaɗan in na kai bolum bakwai. Allah ya saka da alheri, Baba. Ƙanwata, gobe zan gwada fensir ɗin a kan ƙananan, don ina jin hucin daga can yake.