Ina manyan 'yan besbol za su sa hannu? Yadda ake hasashe da inda ake kifewa

Mai Alƙalami:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Duk ƙarshen kaka sai kowa ya zaro jerinsa, wane zai tafi can, wane zai zauna, amma zuwa Fabrairu sai ka tarar rabin jerin ya rushe. Mu tattara a nan abin da muka ga yana aiki da abin da ke yaudarar mutum. Ga sababbin shiga, ƙa'idar a taƙaice: ɗan wasa a MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ba ya samun 'yancin zaɓar ƙungiya sai ya cika shekara 6 a babban rukuni, kuma kwana 172 ake ƙirgawa a matsayin shekara guda. Washegarin kammala World Series, wasannin ƙarshe na lashe kofin gasar, yake zama marar kwantiragi, sai dai a kwana 5 na farko tsohuwar ƙungiyarsa ce kaɗai zai iya sa wa hannu. Ba a biyan kuɗin sayen ɗan wasa kamar a ƙwallon ƙafa, duk abin da aka zuba aljihunsa yake shiga. Ƙungiyoyi 30 ne, amma masu iya ɗaukar babban kaya ba su cika wuce 6 zuwa 8 ba a kaka guda. Aikin farko shi ne gano su.

Malam Lissafi:
Wa alaikumus salam. Gano su da alƙalami ake yi. Ka ɗauki kowace ƙungiya, ka tara albashin waɗanda ke da kwantiragi na shekara mai zuwa, ka ƙara ƙiyasin abin da za a biya matasan da suka kai matakin neman ƙarin albashi ta hanyar sasanci, ka ƙara kuɗin walwalar 'yan wasa da ake ɗora wa kowace ƙungiya. Sai ka auna jimillar da iyakar haraji, wato adadin albashin da in ƙungiya ta wuce shi gasar ke ɗora mata haraji. Iyakar ta kasance dala miliyan 237 a 2024, miliyan 241 a 2025, miliyan 244 a 2026.

Wanda ya wuce iyaka a karon farko yana biyan kashi 20 cikin ɗari na abin da ya haura, shekara ta biyu a jere kashi 30, ta uku kashi 50. Akwai kuma ƙarin tara a matakai uku: in ka wuce da miliyan 20, da miliyan 40, da miliyan 60. Ƙungiyar da ta shekara uku tana wuce iyaka kuma ta haura mataki na ƙarshe tana biyan kashi 110. Wato ɗan wasan da ake biya miliyan 30 a shekara, miliyan 63 yake ci mata. Daga miliyan 40 zuwa sama kuma ana ja mata zaɓinta na farko a zaɓen matasa, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar sababbin yara bi da bi duk shekara, baya da gurbi 10.

Inda mutane ke kuskure: suna duba albashin da za a biya a shekarar, alhali haraji da matsakaicin kwantiragin gaba ɗaya ake lissafa shi. Shi ya sa ake miƙa shekaru. Bryce Harper ya karɓi miliyan 330 a kan shekara 13 a Phillies a 2019, abin da ya sauko da nauyinsa a lissafin haraji zuwa miliyan 25 da ɗoriya. Sai kuma kuɗin da aka jinkirta biya. Kwantiragin Shohei Ohtani da Dodgers miliyan 700 ne a shekara 10, amma miliyan 680 sai daga 2034 zuwa 2043 za a biya, don haka a lissafin haraji kusan miliyan 46 yake ci a shekara maimakon 70. Duk wanda ya cire Dodgers daga neman Yoshinobu Yamamoto, wanda a ƙarshe ita ce ta ɗauke shi, saboda "ai sun ƙarar da kuɗinsu a kan Ohtani", wannan gaɓar ce ya tsallake.

Ku kuma lura da ƙungiyar da ta shekara biyu tana biyan haraji, kuma saura kaɗan ta sauko ƙasa da iyaka. Irin wannan ta fi son ta huta kaka ɗaya don lissafinta ya koma kashi 20.

Ɗan Damagaram:
Malam Lissafi, lissafinka daidai ne, amma yana nuna wa zai iya ne kawai. Wa yake so, wannan a wurin mai ƙungiya yake. Steve Cohen ya sayi Mets a 2020, kuma mataki na ƙarshe na harajin nan har sunansa ake kiransa da shi, bai hana shi bai wa Juan Soto miliyan 765 a shekara 15 a Disamba 2024 ba, ba tare da jinkirta ko kwabo ba. Padres ba babbar kasuwa ba ce, amma a zamanin Peter Seidler ta ɗauki Manny Machado a kan miliyan 300, ta ɗauki Xander Bogaerts a kan miliyan 280. Seidler ya rasu a Nuwamba 2023, a Disamba suka tura Soto, wanda a lokacin ɗan wasansu ne, Yankees don rage kashe kuɗi. Rangers kuwa ta sha kashi a wasa 102 a 2021, amma a ƙarshen shekarar ta zuba rabin biliyan a kan Corey Seager da Marcus Semien. Wanda ya bi teburin sakamako ba zai taɓa sa su a jerinsa ba. Ka saurari abin da mai ƙungiya ya faɗa da bakinsa bayan kaka, ka duba ko kuɗin talabijin ɗinsa na shigowa. Tun da kamfanin Diamond Sports ya shiga fatarar kuɗi a 2023, ƙungiyoyi da dama da suka dogara da shi suka ja hannu.

Hajiya Mai Jadawali:
Bari in ƙara batun tayin ƙa'ida, don ana yawan ba shi nauyin da ya wuce nasa, ko a manta da shi gaba ɗaya. Tsohuwar ƙungiya na iya yi wa ɗan wasa tayin shekara ɗaya a kan matsakaicin albashin mutum 125 mafi tsada. A ƙarshen 2024 dala miliyan 21.05 ne, mutum 13 aka yi wa, Nick Martinez na Reds kaɗai ya karɓa. In ya ƙi, duk ƙungiyar da ta ɗauke shi sai ta yi asara. Mai biyan harajin wuce iyaka tana rasa zaɓinta na biyu da na biyar a zaɓen matasa, da dala miliyan 1 daga asusun ɗaukar yaran ƙasashen waje. Mai karɓar tallafin rabon kuɗin shiga da ake bai wa ƙungiyoyin ƙananan kasuwa zaɓinta na uku kawai take rasawa.

Ga ɗan wasa irin Soto wannan ba komai ba ne, ba wanda zai fasa. Waɗanda yake karyawa su ne na tsaka-tsaki, masu shekara 31 ko 32. Dallas Keuchel da Craig Kimbrel sai da suka zauna har watan Yuni a 2019, lokacin da tarar ta faɗi, kafin su sami ƙungiya. Abu biyu za ku duba: wanda aka yi musayarsa a tsakiyar kaka ba a iya yi masa wannan tayi, kuma ba a yi wa mutum sau biyu a rayuwarsa. Irin waɗannan kasuwarsu ta fi faɗi.

Na Sabon Gari:
Gurbi fa? Ni a ganina mutum ya fara da ƙungiyar da ke da rami a wurin da ɗan wasan ke tsayawa.

Ɗan Damagaram:
Ɗan'uwa, gurbi na aiki ne ta hanyar cirewa. Ranar da Braves ta karɓo Matt Olson daga Athletics a Maris 2022, maganar komawar Freddie Freeman, wanda ke tsare mata gurbi ɗaya da na Olson, ta mutu, ko da yake kusan kowa ya rubuta cewa zai zauna. Kwanaki kaɗan ya tafi Dodgers a kan miliyan 162 a shekara 6. Amma kada ka cire ƙungiya don kawai tana da mai tsayawa a wurin. Lokacin da Padres ta ɗauki Bogaerts tana da Fernando Tatis Jr. da Ha-Seong Kim, duk masu iya tsaron wuri ɗaya da shi. In babban ɗan wasa ne, sauran ake matsarwa.

Abin da ya fi gurbi amfani shi ne bin wanda ya faɗi a neman babban. Kuɗin an riga an ware, magoya baya na jira, sai a juya. Yankees ta rasa Soto duk da tayin miliyan 760 a shekara 16, cikin kwana biyu ta bai wa Max Fried miliyan 218 a shekara 8. Padres ta nemi Trea Turner ta rasa, ta nemi Aaron Judge ta rasa, sannan ta faɗa kan Bogaerts. Saboda haka kada ku yi hasashen mutum goma lokaci guda kamar ba su da alaƙa. Ku fara da na ɗaya, ku rubuta wa ya zo na biyu da na uku a nemansa, daga cikinsu za ku sami masaukin na gaba.

Mai Alƙalami:
Maganar "zai koma gida" kuma, wa ke da abin cewa? Duk shekara sai an kawo ta.

Hajiya Mai Jadawali:
Garin haihuwa ba ya ja kamar inda iyali ke zaune yanzu. Gerrit Cole ɗan kudancin Kaliforniya ne, masu hasashe da yawa suka kai shi Angels a 2019, ya karɓi miliyan 324 a Yankees. Corbin Burnes kuwa gidansa da matarsa da ƙananan yaransa a Arizona suke, Diamondbacks ba ta cikin jerin yawancin mutane, amma can ya sa hannu a Disamba 2024 a kan miliyan 210 a shekara 6. Gida na yanke hukunci ne in tayin biyu sun yi kusa. Haka harajin jiha: Teksas da Fulorida ba su karɓar harajin albashi, Kaliforniya tana kai kashi 13.3, sai dai rabin wasannin a waje ake buga su kuma can ma ana cire haraji, don haka bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Baban Yara:
Ni gargaɗina a kan jita-jita ne, don nan ne masu kyakkyawan lissafi ke watsar da aikinsu. Ranar 8 ga Disamba 2023 duniya ta bi sawun wani jirgi daga Kaliforniya zuwa Toronto da sunan Ohtani na ciki zai je Blue Jays. Da jirgin ya sauka, ɗan kasuwa Robert Herjavec ne ya fito. Washegari Ohtani ya sanar da Dodgers da kansa a Instagram. Shekara guda kafin nan an wallafa cewa Judge ya nufi Giants, aka janye cikin mintoci, ya koma Yankees a kan miliyan 360 a shekara 9.

Duk labarin da ya fito, ka tambayi kanka wa ya amfana da fitowarsa. Wakilin ɗan wasa na so a ji cewa akwai wata ɓoyayyar ƙungiya don a ƙara farashi. Ƙungiyar da ta san ta rasa na so magoya bayanta su ji cewa ta yi ƙoƙari. "Suna sha'awarsa" ba ya nufin komai, kusan kowa na buga waya. "Sun gana da shi" ya ɗan fi. Abin da ke da nauyi shi ne a ambaci adadin shekaru da kuɗi, kuma 'yan jarida biyu da ba sa kwafar juna su tabbatar.

Ko an ce an daidaita, saura gwajin lafiya. Carlos Correa ya daidaita da Giants a kan miliyan 350 a shekara 13, likitoci suka tsaya a kan idon sawunsa na dama da aka yi wa aiki a 2014. Ya juya Mets a kan miliyan 315 a shekara 12, nan ma wuri ɗaya aka tsaya. A Janairu 2023 ya koma Twins a kan miliyan 200 a shekara 6, ƙungiyar da ta riga ta san ƙafar. Duk mai tsohon rauni, musamman mai jifa (mai jefa wa ɗan bugu ƙwallo) da aka taɓa yi wa aikin gwiwar hannu, ku ƙara wa tsohuwar ƙungiyarsa maki, don likitocinta ne suka fi kowa sanin fayil ɗinsa.

Malam Lissafi:
Yaya Baban Yara ya taɓo wakili, bari in ɗora. Wakili Scott Boras ya saba jan ciniki, kuma kalanda na canza amsar. In an sa hannu kafin ko lokacin taron hunturu da shugabannin ƙungiyoyi da wakilai ke yi a farkon Disamba, yawanci doguwar yarjejeniya ce daga masu kuɗi. In aka shiga Fabrairu ba a daidaita ba, manyan sun cike gurabensu, sai a koma gajeriyar yarjejeniya mai albashi mai tsoka da damar ficewa bayan shekara guda. A farkon 2024 haka ta faru da mutanensa huɗu: Cody Bellinger miliyan 80 a shekara 3 a Cubs, Matt Chapman miliyan 54 a shekara 3 a Giants, Blake Snell miliyan 62 a shekara 2 a Giants, Jordan Montgomery miliyan 25 a shekara 1 a Diamondbacks. Snell ya fice bayan kaka ɗaya, ba tayin ƙa'ida a wuyansa tunda an taɓa yi masa, ya karɓi miliyan 182 a Dodgers tun watan Nuwamba. Saboda haka ku riƙa yin jeri biyu ga kowane ɗan wasa, na Disamba da na Fabrairu. Ƙungiyar da ba za ta taɓa ba da shekara 7 ba tana iya ba da shekara 2.

Na Sabon Gari:
'Yan Japan fa, lissafinsu ɗaya ne?

Hajiya Mai Jadawali:
A'a, ƙanena. In ƙungiyarsa ta Japan ta sake shi, kwana 45 ke gare shi ya daidaita, kuma ana biyan ta lada: kashi 20 na miliyan 25 na farko, kashi 17.5 na miliyan 25 na gaba, kashi 15 na saura. A kan miliyan 325 na Yamamoto, tsohuwar ƙungiyarsa Orix Buffaloes ta karɓi sama da miliyan 50, kuma wannan ladan ba ya shiga lissafin haraji. In kuma ɗan wasan bai kai shekara 25 ba, asusun yaran ƙasashen waje ne kawai za a biya shi daga ciki. Roki Sasaki miliyan 6.5 ya karɓa a Dodgers a Janairu 2025. A irin wannan kuɗi ba ya raba gardama, sai a duba wace ƙungiya ta iya renon masu jifa da kula da lafiyarsu, da kuma ko akwai 'yan ƙasarsa a cikinta.

Ɗan Damagaram:
Ƙarin abu ɗaya ga masu shirya jeri. Yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa wa'adinta 1 ga Disamba 2026 ne, kuma duk alƙaluman harajin da Malam Lissafi ya kawo a cikinta suke. Da ta baya ta ƙare a 2021, an rufe kasuwa kwana 99, daga 2 ga Disamba zuwa 10 ga Maris. Kafin rufewar aka yi rububi: Max Scherzer ya tafi Mets a kan miliyan 130 a shekara 3, Seager da Semien suka tafi Rangers, Kevin Gausman ya tafi Blue Jays, duk cikin 'yan kwanaki. Waɗanda suka jira, irin su Freeman da Correa da Kris Bryant, sai a Maris suka sa hannu a gurguje ana dab da fara kaka. A shekarar da yarjejeniya ke ƙarewa, ku matso da jerin Disamba zuwa makon ƙarshe na Nuwamba, kuma ku fi sa ido kan masu jifa da waɗanda suka haura shekara 30, su ne ba sa son jiran sabuwar ƙa'ida.