Ina neman haske a kan aikin laburare kafin in karɓi gurbin karatu

Ɗaliba daga Bichi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin laburare daga ciki, domin jami'a ta ba ni gurbin karatu a sashen nazarin laburare da bayanai, alhali kuwa fannin shari'a na nema. Mahaifina ya ce in karɓa, tunda gurbi a jami'a ba ya samuwa cikin sauƙi, amma wasu 'yan uwa suna ta sanyaya mini gwiwa, suna cewa shekara huɗu zan shafe ina karatu don in ƙare a bakin ƙofa ina karɓar jakunkunan mutane, ina buga hatimi a littafi, ina cewa a yi shiru. Wani ma ya ce tunda kowa yana da waya a hannunsa, laburaren kansa ya kusa zama tarihi. Ni kuwa ban taɓa ganin abin da ma'aikatan suke yi ba in ban da zaman da suke yi a kan tebur. Don Allah, mene ne ainihin aikin daga safe zuwa tashi, me ake koyarwa har na shekara huɗu, kuma akwai ci gaba a cikinsa ga wanda ya riƙe shi da gaske?

Dattijon Kataloji, Zariya:

Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da 'yan uwanki suka gani gaskiya ne, sai dai bakin ƙofa kawai suka gani. Wanda yake karɓar jaka yana duba katin shiga mai tsaron ƙofa ne, aikinsa daban, kuma yawancin ƙwararrun ma'aikatan suna can ciki inda mai karatu ba ya shiga. Zan yi miki bayanin laburaren jami'a, domin a nan na yi rayuwar aikina.

Littafi ba ya faɗowa kan kanta haka kawai. Akwai sashen da yake tattara buƙatun tsangayoyi, ya duba abin da ake da shi da abin da ya tsufa, ya auna da kuɗin da ke hannu, wanda a jami'o'in gwamnati kaso mai yawa na zuwa ne daga asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, sannan a yi odar littattafai da mujallu. Idan kaya suka iso, a duba su ɗaya bayan ɗaya, a shigar da su rajista, kowane kwafi da lambarsa. Daga nan sai su zo sashen kataloji, wato inda ake rubuta bayanan kowane littafi don a iya nemo shi, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan sana'ar baki ɗaya. A can ne za ki ɗauki littafi ki karanta shafin suna da gabatarwa da jerin babi, wani lokaci har ki shiga cikinsa sosai, don ki gane a kan me yake magana, ki rubuta sunan marubuci da maɗaba'a da shekara da yawan shafuka bisa ƙa'idojin da duniya ta amince da su, sannan ki ba shi lambar da za ta zaunar da shi kusa da 'yan uwansa a kan kanta.

Tsari biyu ne za ki fi cin karo da su. Akwai na Dewey, wanda ya fito a 1876, ya kasa ilimi gida goma daga 000 zuwa 999, kuma shi ne aka fi amfani da shi a makarantu da laburaren jama'a. A cikinsa Musulunci yana 297, harshen Hausa yana 493.72. Akwai kuma tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda yawancin jami'o'inmu suke bi, mai amfani da haruffa: K shari'a, R likitanci, S noma, BP Musulunci. Idan kin lura za ki ga waɗannan tsare-tsare ba don mu aka yi su ba. A tsarin Dewey addinin Kirista ya mamaye mafi yawan lambobin addini, an bar wa Musulunci gurbi guda, saboda haka laburaren da ke cike da littattafan tafsiri da hadisi da fiƙihu da tasawwufi dole ma'aikacinsa ya yi tunani mai zurfi kafin ya iya rarrabe su yadda ɗalibi zai samu abin da yake nema. Wanda ya san addininsa da harshensa ya fi kowa dacewa da wannan aiki a ƙasarmu.

Ga wani misali da za ki gane nan take. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a wani littafin an rubuta Usman dan Fodio, a wani Uthman ibn Fudi, a wani Usumanu, ga kuma waɗanda suke da rubutun Larabci. Idan mai kataloji bai tsayar da suna guda ya ɗaure sauran a jikinsa ba, mai bincike zai samu kashi ɗaya na ayyukan Shehu ya tafi yana zaton ya ga duka. Haka nan littattafan Hausa da ake bugawa a Kano, da yawansu babu shekarar bugu, babu sunan maɗaba'a, babu lambar shaidar littafi ta duniya wato ISBN, sai ma'aikaci ya yi bincike kafin ya cike gurbin. Ga kuma matsalar haruffa masu lanƙwasa, domin wanda ya rubuta k a kwamfuta yana neman kalma mai ƙ yana iya komawa hannu rabbana idan ba a tanadi hakan tun wajen shigar da bayanan ba.

Game da maganar waya, ita ta ƙara mana aiki. Yanzu kataloji yana kan kwamfuta, da yawa suna amfani da manhajar Koha. Mu ne muke kula da rajistar rumbunan mujallun bincike irin su HINARI na lafiya da AGORA na noma, mu ne muke ɗora kundayen digiri a rumbun jami'a na intanet, mu ne kuma muke koya wa 'yan aji ɗaya yadda ake neman bayani, yadda ake bambance ingantacce da jita-jita, da yadda ake ambaton madogara don a kauce wa satar fasaha.

Ci gaba kuwa akwai shi. A jami'a ƙwararren ma'aikacin laburare yana cikin sahun malamai, ana buƙatar ya yi digiri na biyu da na uku, ya wallafa bincike kafin a ƙara masa girma, kuma shugaban laburare yana cikin manyan jami'an gudanarwa tare da shugaban jami'a da magatakarda da ma'aji. Sana'a ce mai doka: Hukumar Rajistar Ma'aikatan Laburare ta Najeriya, wato LRCN, an kafa ta da dokar 1995, kuma ƙungiyar ma'aikatan ta ƙasa tana nan tun 1962. Shawarata ki karɓi gurbin.

Malama Mai Ɗakin Yara:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara masa lafiya, amma ƙanwata, ya kamata ki ji ɗaya ɓangaren, domin ba kowa ne yake samun aiki a jami'a ba, guraben kaɗan ne, masu nema kuma suna da yawa. Ni a laburaren jama'a na wata jiha nake, kuma halin da muke ciki ya sha bamban da abin da ya siffanta.

A wurinmu babu wani sashe-sashe. Mutum ɗaya ne yake yin kataloji da safe, ya zauna a teburin ba da aro da rana, ya bi kantoci da yamma yana mayar da kowane littafi mazauninsa, saboda littafin da aka sa ba a wurinsa ba daidai yake da wanda aka sace. Ana iya daɗewa ƙwarai ba a sayi sabon littafi ba, sai abin da aka samu na kyauta, wanda sau da yawa ba shi ne mutanenmu suke buƙata ba. Da hunturu ƙura take rufe komai, mai asma ko ciwon hanci yana shan wahala. Da damina kuma ido yana kan rufi da gindin bango, domin yoyo da gara suna iya cinye kanta guda kafin a farga. Idan wuta ta ɗauke, kwamfutocin sun zama ado. Albashin ma na ma'aikacin jiha ne, kin san yadda yake. Ban faɗi wannan don in kore ki ba, na faɗa ne don kada ki shiga da zaton kullum cikin sanyin na'ura za ki zauna.

Duk da haka ban taɓa sha'awar barin aikin ba, kuma dalilina mutane ne. Masu zuwa wurinmu 'yan jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ne waɗanda gidajensu babu wurin da mutum zai zauna shi kaɗai ya yi karatu, da masu neman aiki da ke son a nuna musu yadda ake cike takarda ta intanet, da dattawa masu zuwa karanta jarida. Mutum ba ya cika faɗin abin da yake nema kai tsaye. Wata matashiya ta taɓa zuwa ta ce tana son littafin kimiyya, sai da na zaunar da ita muka yi magana a hankali na gane ɗanta ne aka ce yana da sikila, tana son bayanin da za ta fahimta da Hausa, tana kuma jin nauyin tambaya. Na samo mata abin da ya dace, na kuma ƙarfafa mata ta koma wurin likita da tambayoyinta a rubuce. Wannan tattaunawa da ake yi don gano ainihin buƙatar mutum darasi ne da za a koya miki a aji, tare da amanar da ke cikinsa, wato abin da mutum ya karanta ko ya tambaya sirrinsa ne, ba a kai shi gaba.

Ɗakin yara kuwa shi ne inda zuciyata take. Ranar Asabar mukan shimfiɗa tabarma mu karanta musu labari da ƙarfi, sannan kowa ya zaɓi littafi da hannunsa. Akwai yaron da ya fara zuwa yana bin layi da yatsa yana haɗa baƙi da ƙyar, yau shi ne yake karanta wa ƙanana. Idan ba kya son hulɗa da jama'a, ko kina saurin gajiya da maimaita bayani, to ki yi tunani sosai, domin zaton da ake yi cewa aikin na mai son kaɗaici ne kuskure ne babba.

Almajirin Takardu, Sakkwato:

Ina so in ƙara wani reshe da ba a ambata ba, wato kula da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, wanda yake matuƙar buƙatar matasa. Akwai tarin su a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar binciken IRSH a Yamai, ban da waɗanda suke cikin akwatuna da gafakoki a gidajen malamai, waɗanda babu wanda ya san adadinsu.

Irin waɗannan littattafai ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a sake tsakanin bango biyu na fata, kuma yawanci babu lambar shafi. Idan suka hargitse, abin da ake bi a jera su shi ne kalmar da mai kwafi yake rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon kalmar shafin da ke biye. A ƙarshen littafi ake neman sunan wanda ya kwafa da wanda aka kwafa dominsa. Idan babu shekara, sai a ɗaga takardar a haske a duba tambarin da ke cikinta, kamar jinjirin wata uku na takardun da ake kawowa daga Italiya ta hamada, wanda yake taimakawa wajen ƙiyasta zamaninta. Babbar ɓarnar da nake gani daga masu kyakkyawar niyya take fitowa, waɗanda suke liƙe yagaggen shafi da salatif ko su kai a rufe shi da leda mai zafi, alhali hakan yana lalata takarda da tawada. Abin da ya faru a Timbuktu a farkon 2013, lokacin da aka ƙone wasu rubuce-rubuce a cibiyar Ahmad Baba, ya isa ya nuna muhimmancin ɗaukar hoton kowane shafi da ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Idan kina da tushen Larabci daga Islamiyya kuma kina iya karanta ajami, kina da abin da yawancin abokan karatunki ba za su kasance da shi ba.

Ɗaliba daga Bichi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa mahaifina amsoshinku, ya ji daɗi. Saura tambaya guda, Baba: tunda zuciyata tana kan shari'a, akwai hanyar da zan haɗa biyun, kuma me zan fara koya kafin a buɗe makaranta?

Dattijon Kataloji, Zariya:

Akwai hanya, 'yata. Manyan kotuna da ma'aikatun shari'a da majalisun dokoki da tsangayoyin shari'a da manyan ofisoshin lauyoyi duk suna da laburarensu, kuma suna buƙatar wanda ya san yadda ake bin rahotannin hukunce-hukunce da gyare-gyaren dokoki, domin lauyan da aka ba dokar da aka riga aka soke an jefa shi cikin matsala. Idan jami'arku tana barin ɗalibi ya ɗauki darussa daga wani sashe, ki zaɓi waɗanda suka kusanci shari'a, ki kuma nemi yin aikin koyon sana'a a laburaren kotu idan lokacinsa ya zo. Ko a cikin karatunki za ki haɗu da doka, kamar dokar haƙƙin mallaka da dokar 1970 da ta wajabta wa mawallafi mai zaman kansa ya kai kwafi 3 na duk abin da ya buga Laburaren Ƙasa, gwamnatin jiha kwafi 10, ta tarayya kwafi 25. Kafin a buɗe makaranta ki ƙware a buga rubutu a kwamfuta da amfani da Excel, ki ƙarfafa Turancinki, sannan ki je Laburaren Murtala Muhammad da ke Kano ki gabatar da kanki, ki roƙi a nuna miki yadda ake karɓar littafi tun daga rajista har ya hau kanta.