Haɗa rumbunan sautin tsirkiya a kiɗan fim: me ya sa sautin ke dagulewa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa kiɗan da ke bin fim a wani ƙaramin sutudiyo da ke Zoo Road, kuma ina amfani da rumbun BBC Symphony Orchestra Discover, wato tarin sautukan kayan kiɗa da aka naɗa domin haɗa kiɗa a kwamfuta, tare da wani rumbun da ke aiki a cikin manhajar kiɗa ta Kontakt. Duk lokacin da na ɗora ɗaya a kan ɗaya domin kiɗan ya cika a wurin alhini, sai sautin ya dagule, har ya danne maganar 'yan wasa. Ina gyaran yake?

Mai Kiɗan Gwammaja:
Wa'alaikumus salam. Malam, ka raba musu aiki tukuna: ɗaya ya riƙe dogon sautin da ake ja, ɗayan ya ɗauki gajerun bugun da ke tafiyar da kiɗan. Ka kuma tuna cewa an ɗauki sautin rumbun BBC ne a ɗakin Maida Vale na Landan, don haka yana zuwa da amon ɗakinsa, wanda ya bambanta da na ɗayan rumbun. Ka rage amon da ke cikin kowanne gwargwadon hali, ka tura su ga amo guda, sannan ka riƙa motsa CC1, wato maɓallin da ke sarrafa ƙarfin kiɗan a rumbun, da hannu domin ƙarfin sautin ya riƙa hawa da sauka.

'Yar Sutudiyo:
Ƙarin da zan yi, ɗan'uwa, shi ne ka tuna da masu kallo, domin da yawansu a waya suke kallo. Sautin celo, wato babban gogen Turai mai kaurin murya, yana sauka har kusan 65 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), ƙaramar sifikar waya kuwa ba ta fitar da shi. Kaifin magana yana tsakanin 2 zuwa 4 kHz (wato 2,000 zuwa 4,000 Hz), sai ka ɗan rage biyolin, wato ƙaramin gogen Turai, a wannan gurbi duk inda ake magana.

Baba Tsoho:
Yarona, shawarwarin nan daidai ne, amma ni abin da ya fi damuna shi ne kiɗan finafinanmu ya daina kama da namu. Ka bar rumbun ya zama shimfiɗa a ƙasa, ka gayyato mai goge ya ja waƙar a sama. Tsirkiyar gashin doki tana da kaushi da lanƙwasa waɗanda rumbun Turai bai ɗauko ba. Sai dai ka fara ɗaukar gogen, sannan ka daidaita tsayin sautin rumbun da shi, domin mai goge da kunnensa yake ɗaure tsirkiya, ba da ma'aunin 440 Hz da aka saba daidaita kayan kiɗan Turai da shi ba.